Hanyar Pampo da Ta Bi ta Tsakar Gidanmu

Gidanmu a Arlit ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana duban titi, inda pampon kartiye, wato unguwarmu, yake, ɗaya kuma tana baya, wajen lungun da ruwa bai kai ba. Shekarar da muka zo daga Damagaram, maigidana yana tuƙa kamiyo a kamfanin ma'adinai, ni ina goye da ɗiyata ta fari, mun sha wuyar ruwa. Wata tsohuwa ce ta riƙa barina in ratsa ta cikin gidanta in je ɗiba, don kada in yi dogon zagaye da goyo a cikin rana. Da Allah ya hore mana muka gina namu, sai Malam, maigidana, ya ce wa magini ya fasa ƙofa a baya. Ya ce abin da aka yi mana shi za mu yi wa wasu.

Tun daga nan, daga hantsi zuwa la'asar, ƙofofin nan biyu a buɗe suke. Matan lungun baya suna shigowa da jarkokinsu, su ratsa tsakar gida, su bi ta zaure su fita titi. Ba a taɓa zama an tsara doka ba, amma kowa ya san ta. Namiji ba ya bi. Mace za ta yi sallama, ta sauke idonta, kuma duk abin da ta gani a tsakar gidan nan a bakin ƙofa take ajiye shi. Sun ga ranar da tukunyarmu ba ta hau wuta ba, sun ga ranar da ni da Malam ba ma magana, ban taɓa jin ko ɗaya ya dawo mini ta bakin wani ba.

Ɗiyar nan tawa ta fari, ba na kiran sunanta, haka aka tashe mu. “Ke” nake ce mata, ko in ce “yarinyar nan”. Ta yi aure da wani ɗan Maradi mai kai kayan masarufi wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa. Kowane karo waya ba ta hutawa. Mai jaje ta kira, mai kwatancen magani ta kira, mai tambayar ko wani nauyi ta ɗauka ita ma ta kira. Ba da mugunta suke yi ba, amma na ga yadda kowane kira yake ƙara ramar da ita.

Da na uku ya samu, mijinta ya kawo ta wurina ya koma daji. Ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, idonta a kan tabarma.

“Inna,” ta ce, “wannan karon kada kowa ya ji. Ko Hajiya ta Maradi. Sai in Allah ya sauke ni lafiya.”

Hajiya ita ce uwar mijinta. A wurinmu ɗiyar fari ba ta yi wa uwarta maganar ciki baki da baki, sai dai ta aiko wata. Da ta iya buɗe baki ta faɗa, na san abin ya kai mata ko'ina. Na ce, “To.” Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ita ta san alkawari ne. Matan pampo kuwa sun ga cikin yana tasowa wata bayan wata. Sai dai su ce, “Sannu da hutawa,” su wuce.

Ana cikin haka mai unguwa ya sa aka yi shela cewa wata ƙungiya za ta zo ta sa garin Arlit a cikin waya. Za su ɗauki hoton kowane titi da kowane lungu, yadda motar likita ko baƙo zai iya samun gida ba tare da tsayawa tambaya ba. Mu da lungunanmu ba su da suna, sai dai a ce bayan mai garwa, kusa da gidan direba, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Ni kam daɗi ya kashe ni. Sai da na aurar da ɗiya sannan na shiga karatun manya, kuma tun ranar da na fara haɗa baƙi, duk abin da aka rubuta ko aka zana yana jan raina. Ko kwalin shayi na gani sai na karanta. To yau ga shi za a zana inda nake kwana! Na matsa wa Malam sai da ya sayo fenti shuɗi ya shafe ƙofar gaba.

“Wai ke,” ya ce, yana goge hannu, “hoton ƙofa za a ɗauka ko aurenta za a ɗaura?”

“Kai dai shafa,” na ce. “Can gefen ka bari.”

Maƙwabciyata ta fi ni zumuɗi. Ba'abziniya ce, mutanenta makiyaya ne a wajen Gougaram, mun shekara da yawa katanga ɗaya. Kwana uku tana saka lulluɓinta na baba mai walƙiya tana zama a ƙofar gida, wai kada a ɗauke ta da kayan wanke-wanke. Tana da wani rago mai taurin kai da ba ya zama a turke. Ta ɗaure shi ya kwance, ta sake ɗaure shi ya sake kwancewa.

“Wannan rago so yake ya riga ni shiga waya,” ta ce.

Ranar da ƴan ƙungiyar suka iso, wani mutum ne ya fara wucewa a kan moto, da wani abu kamar ƙwan jimina a bisa hular kwanonsa. Muka leƙa, muka yi ta dariya. Lungunan da moto ba ya shiga kuwa, wata matashiyar mace ce take bin su da ƙafa, da jaka a baya da sanda ta miƙe sama da kanta, ƙwan jiminar yana can a ƙarshen sandar. Madam muka riƙa ce mata.

Wajen hantsi ta ɓullo ta lungun baya. Daga baya na ji cewa ta tambayi matan da ke ɗauke da jarka ko akwai hanyar fita titi, suka ce mata, “Akwai mana, biyo mu.” Gaskiya suka faɗa mata, don a wurinsu hanya ce. Ta yi sallama da muryar mace, muka amsa. Da namiji ne da kowa ya ja mayafi. Lokacin zafi ne, yarinyar nan tana zaune a gindin dogon yaro da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, maƙwabciyata tana yi mata tsifa. Cikin ya shiga wata na shida. Na tashi da sauri na ɗebo wa Madam ruwan randa. Ta sha, ta yi godiya da Hausarta mai daɗi, ta yaba sanyin ruwan, ta fita ta zaure. Ni a zatona abin da ke kan sandar tsawon hanya yake aunawa, hoto kuwa sai an ɗaga abu an saita mutum an ce kada ya motsa. Har na bi ta da addu'a.

Aka yi makonni, har na fara cire rai. Wata safiya ina tankaɗe sai ga maƙwabciyata ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, waya a hannu.

“Mun fito! Wallahi mun fito! Ajiye rariyar nan!”

Muka haɗa kai a kan wayar. Ga titinmu, kamar ka sa ƙafa ka taka. Ga pampo, ga mai garwa, ga ƙofata shuɗiya tana ɗaukar ido. Ga ragon nan a tsaye dab da ƙofar yana cin kwali. Lulluɓin da aka kwana uku ana sakawa kuwa ko alamarsa babu, don a daidai lokacin tana cikin gidana tana tsifa. Na yi dariya har da hawaye.

“Rago ya fito, mai rago ba ta fito ba,” ta ce, ta dafa ƙirji. “Gobe zan kai shi kasuwa.”

Na matso da hoton na karanta allon mai shagon kusa da mu da kaina, baƙi bayan baƙi. Maƙwabciyata ta nuna mini a wayata yadda ake aika wurin ga wani. Ban tsaya tunani ba. Muna da zauren ƴan'uwa a waya, mutanen Damagaram da na Maradi duk suna ciki, har da Hajiya. Na tura, na bi shi da murya: “Jama'a, ga ƙofar gidanmu. Daga yau duk wanda ya zo Arlit ya ce ya ɓata, da gangan ya yi.”

Kafin azahar amsoshi sun yi ta shigowa. Yayana ya ce ashe mun zama manya ba mu faɗa ba. Wata ƙanwata ta ce a ajiye mata ragon. Ina aiki ina sake sauraro, ina murmushi ni kaɗai.

Bayan na yi salla na zauna da wayata in more kallon a natse. Akwai wata ƴar kibiya a kan titin, in ka taɓa ta sai ka matsa gaba kamar kana tafiya. Na je pampo, na dawo. Na je har bakin kasuwa, na dawo. Da na sake tsayawa a ƙofarmu sai na ga wata kibiyar tana nuna cikin gida. Na taɓa. Ga ni a zaure, ga takalman Malam. Na sake taɓawa.

Tsakar gidana ce gaba ɗaya. Igiyar shanya da ƙananan kayanmu na mata, ƙofar ɗakina a buɗe har ana hango gado, ni kaina da kofi a hannu. An shafe fuskokinmu, sun zama kamar hayaƙi. Amma a gindin dogon yaro ga yarinyar nan, kai a tsefe, kafaɗa a waje, hannunta ɗaya a kan cikin da ko makaho ya shafa ya san na haihuwa ne. Zanen da ke jikinta kuwa Hajiya ce ta aiko mata da shi da salla.

Ban san ta zo bayana ba sai da na ji numfashinta. Ta daɗe tana kallo.

“Inna, wa da wa kika tura wa?”

Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Zauren ƴan'uwa.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na goge saƙon daga zauren, amma na san wanda ya buɗe ya riga ya buɗe, kuma hoton yana nan ga duk mai waya a duniya. Da Malam ya dawo daga masallaci na nuna masa, sai ya miƙe tsaye.

“Gobe zan kira magini ya toshe ƙofar bayan nan. Mun yi don Allah, an mai da mu titi.”

“Malam, ba matan pampo ne suka ɗauka ba,” na ce. “Ni na ba ta ruwa, ni na tura. Ka ba ni zuwa gobe.”

Washegari da sassafe na saka hijabina, maƙwabciyata ta rako ni. Mai unguwa ya kwatanta mana biron ƙungiyar, wani ɗaki ne da suka kama haya kusa da tasha. Ban taɓa shiga biro don kai ƙara ba. Amma abin mamaki, a hanya ba tsoro nake ji ba, ƙafata har sauri take, ina ta jera maganar da zan faɗa.

Madam ta gane ni nan take. “A'a, Inna mai ruwan sanyi!” Ta ba mu kujeru. Shugabansu yana gefe, wani mai gilashi, a gaban na'urarsa. Na buɗe wayata na nuna musu.

Mutumin ya duba ya ce, “Inna, ai an rufe fuskoki. Ba wanda zai san ko su wane ne. Kuma a takardarmu wannan wurin hanya ce, an ga mutane suna bi.”

“Ɗana,” na ce, “kana da ƴar'uwa?”

Ya ce yana da su.

“In aka rufe fuskarta, aka bar ta zaune a tsakar gidanku, a gindin itacenku, da zanen da ka saya mata, za ka ce ba ka san ta ba?”

Na ci gaba a hankali, don ni ban iya faɗa ba. Na ba su labarin tsohuwar da ta bar ni in ratsa gidanta, da yadda aka fasa ƙofar. Na ce mai jarka tana sallama, muna amsawa, muna ganin idonta tana ganin namu. Wanda ke taɓa kibiya daga wani gari bai yi sallama ba, kuma ba mu san ko wane ne ba. Ban faɗi maganar ciki ba. Madam ce ta matso da hoton, ta duba, ta rufe bakinta da hannu.

“Wayyo, Inna. Ni na shiga, laifina ne. Na ga mata suna bi, ban tambayi ko gidan wa ba ne. Abin nan kuma duk kewaye yake ɗauka, ko ban juya ba.”

“Da ta tambaya ma, shigo za mu ce,” maƙwabciyata ta sa baki. “Mu baƙo ba a hana shi hanya. Amma ki cire, ki bar rago kawai.”

Har mai gilashin sai da ya yi dariya. Ya ce za a cire, amma ƙa'ida sai mai gida ya nema a rubuce. Ya jawo ƴar kwalbar tawada don in dangwala yatsa, shi ya rubuta mini.

“Ba ni alƙalami,” na ce.

Na daɗe a kan takardar nan. Layina yana hawa yana sauka, na soke kalma biyu. Na rubuta cewa wurin nan gidana ne, ba titi ba ne, ina roƙo a cire hoton cikinsa, a bar na ƙofa. Na sa sunana a ƙasa. Tun da na gama karatun manya, ban taɓa rubuta abin da ya yi aiki nan take a gaban idona kamar wannan ba. Madam ta zauna a gaban na'ura, ina tsaye a kanta, ta cire hotunan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofar baya har zaure. Ta goge ɗan layin da ya ratsa gidanmu a taswira. Ta ce in duba wayata. Na duba, kibiyar ta ɓace.

Sai ta tambaye ni ko akwai wasu gidajen masu irin wannan hanya. Na ce akwai mana! Ni da maƙwabciyata muka shiga lissafa mata su, muna katse juna, muna nunawa da yatsa a kan taswira. Biyu daga ciki ashe ita ma ta ratsa su. Ta ce da kanta za ta je ta ba su haƙuri.

Na dawo gida kamar in yi gudu. Na tsaya a bakin labule na ce, “Ke, an cire.” Ta ce, “To.” Ba ta fito ba. Na gane abin da take jira, don ni ma shi nake jira. An cire, amma kwana ɗaya cur hoton yana hannun dangi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Hajiya ce daga Maradi. Yarinyar nan ta ɗaga labule ta tsaya, hannunta a jikin ƙyaure. Na buɗe muryar yadda za ta ji. Muka gaisa, muka tambayi zafi, muka tambayi Malam da yara da masu jiki, gaisuwar ta ƙi ƙarewa.

Can Hajiya ta ce, “Na ga ƙofarku. Shuɗin nan ya yi kyau.”

“Malam ne ya shafa.”

“Sai dai ina neman gafara. Yatsan tsufa ne, ya zame, na tsinci kaina a cikin gidanku ba sallama. Na fito da sauri. Ni ban ga komai ba, ƴar'uwa. Ban kuma nuna wa kowa ba, ko ƴaƴan ɗakina. Ranar da aka kira ni aka gaya mini wani abu, ranar zan ji shi.”

Sai na ji an zare wayar daga hannuna. Yarinyar nan ce. Ta durƙusa kamar Hajiya tana gabanta.

“Hajiya, ina wuni. A sa ni a addu'a.”

“Kullum kina ciki, ɗiyata. Tun jiya ma na ƙara.”

Ta miƙo mini wayar, ta zauna a tabarmata, ba a ɗaki ba. Zuwa can ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Inna, sun yi nauyi.” Na ɗauko man kaɗanya na shiga matsa mata.

Ko wani a cikin dangi ya taɓa kibiyar nan ban da Hajiya, har yau ban sani ba. Yayana dai ya ce rezo, wato layin waya, bai bar shi ya wuce ƙofa ba. Sauran ba wanda ya kira, ba wanda ya yi kwatancen magani.

Malam bai kira magini ba. Zana ya sayo, muka kafa daga ƙofar baya zuwa zaure, matan pampo suna bi ta gefe guda, mu muna ɗaya gefen. Suna sallama ta bayan zanar, muna amsawa, wata ma sai ta leƙo a gaisa.

Yarinyar nan ta sauka lafiya a farkon sanyi, ɗiya mace. Ita da kanta ta ɗauki waya ta kira Maradi, sannan ta ce mini, “Inna, yanzu ki gaya wa zaure.” Ban taɓa aika murya mai tsawon wannan ba.

Har yanzu nakan buɗe taswirar in na gama aiki. In taho daga bakin kasuwa, in wuce mai garwa, in tsaya a ƙofa shuɗiya, nan tafiyar take ƙarewa. Ragon maƙwabciyata, wanda Malam ya saya muka yanka ranar suna, yana nan tsaye a wurin da kwalinsa a baki.